RIBA BA TARE DA CINIKI BA: Jawabi ga Iyayen Ƙasa da Malamansu a Jega, Aliero da Maiyama

 

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a yi bayani a kan wata irin sata wadda ba ta bukatar haura katanga ko fasa rumbu, gama mai dukiya ne da kansa ke miƙa ta, har ya yi godiya. Watau zambar nan ta masu tallar zuba jari a wayar hannu, waɗanda ke cewa a kawo kuɗi kaɗan a karɓi masu yawa cikin 'yan kwanaki. An nufi shugabanni da wannan magana domin su ne talakawa ke duba. Abin da aka ga uban ƙasa ya yi na'am da shi, ba a sake tambaya a kansa.

YADDA ABIN KE SHIGOWA GARI

A zamanin da, mazambaci sai ya tako da ƙafarsa. Ya sauka gidan fatoma, a ga fuskarsa, a tambayi garinsu, mai unguwa ya san da zuwansa. Yanzu kuwa ba ya bukatar masauki. Yana zaune a wata ƙasa, tallarsa ta iso Kimba da Sabiyal da Andarai a dare ɗaya ta hanyar Facebook da WhatsApp da TikTok da Telegram.

Tallar kan zo da siffa iri iri. Wani ya ce cinikin kuɗin ƙasashen waje ya ke yi, wani ya ce kuɗin intanet, wani ya ce gonar shinkafa ko kiwon kaji, wani kuma ya ce ai taimakon juna ne kawai kamar adashi. A kan haɗa da hotunan motoci da damman kuɗi, da saƙon banki wai na waɗanda aka biya. Har an kai ga ƙirƙira hoto mai motsi da na'ura, a ɗauki fuskar sanannen mutum irin su Alhaji Aliko Ɗangote, a sa masa maganar da bai taɓa yi ba, ya fito kamar yana kiran jama'a su zuba kuɗi. Saboda haka ganin fuskar babban mutum cikin waya ba shaida ba ne.

Masu wannan sana'a sun san lokacin da kuɗi ke hannun mutane. Sun san lokacin da manomin albasa na Aliero ke fid da ajiyarsa, da lokacin da a ke sayar da shinkafar rani, da ƙarshen wata ga ma'aikata, da lokacin da ɗalibai ke riƙe da kuɗin makaranta, da kuma masu tarin guzurin aikin Hajji.

TAMBAYA GUDA ƊAYA

Akwai tambaya ɗaya wadda ta isa ta tona asirin galibin waɗannan kamfanoni, ita ce: daga ina ribar ke fitowa?

Mutanen wannan yanki ba baƙin ciniki ba ne. Wanda ya ajiye albasa a lokacin da ta yi araha domin ya sayar sa'ad da ta yi tsada ya san daga ina ribarsa za ta fito. Ya san kuma sai ya jira watanni, wata za ta ruɓe, wata za ta tsiro, ga kuɗin buhu da na dako da na mota. Wata shekara ya samu, wata shekara ya faɗi. Haka falken da ke sayen hatsi ko dabba a kasuwar Jega. Ba wanda zai rantse tun kafin ya ɗaura kaya cewa ribarsa kaza ce, ba ragi ba ƙari.

To, kamfanin zamba ba shi da albasa, ba shi da hatsi, ba shi da kome. Abin da ya ke yi shi ne ya karɓi kuɗin mutanen yau ya biya mutanen jiya da su, ya kira wannan riba. Wanda aka biya ya tafi yana yabo, ya jawo 'yan'uwansa goma. Muddin masu shiga sun fi masu karɓa yawa, abin yana tafiya kamar gaskiya. Ranar da masu shiga suka ragu, sai a wayi gari an rufe. Don haka biyan farko ba alamar gaskiya ba ne, shi ne tsabar da a ke watsa wa kaji.

ABIN DA YA RIGA YA FARU

Wannan dabara tsohuwa ce. A shekarar 1920 wani mutum mai suna Charles Ponzi a birnin Boston ta Amurka ya yi alkawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45. Mutane suka yi ta tururuwa, cikin shekarar nan abin ya rushe, aka ɗaure shi. Har yau da sunansa a ke kiran irin wannan zamba a duniya.

A Nijeriya, wanda ya fi shahara shi ne MMM, wanda wani mutumin Rasha mai suna Sergei Mavrodi ya ƙago. Ya riga ya yi irinsa a ƙasarsu ya rushe a 1994. Ya shigo nan a 2015 da alkawarin kashi 30 cikin 100 kowane wata, yana cewa taimakon juna ne. Babban Bankin Nijeriya da hukumar SEC mai kula da harkar hannun jari suka yi gargaɗi, aka ƙi ji. A watan Disamba 2016, daidai lokacin da mutane ke son kuɗinsu, aka dakatar da biya. Hukumar NDIC mai inshorar ajiyar banki ta bayyana a 2017 cewa mutum wajen miliyan 3 sun yi hasarar kimanin naira biliyan 18. Mavrodi ya mutu a 2018.

Kada a ce wannan abin mutanen Kudu ne. A watan Fabrairu 2019 hukumar SEC ta rufe ofishin wani kamfani a Kano mai suna Dantata Success and Profitable Company, saboda yana karɓar kuɗin jama'a ba tare da rajistarta ba, yana alkawarin ribar kashi 25 zuwa 50 cikin 100. A cikin shekarar nan kuma wani mai suna Loom ya bazu a Facebook da WhatsApp, inda a ke cewa mutum ya ba da naira 13,000 ya karɓi 104,000, watau ninki 8.

Wani kuma shi ne CBEX, wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, yana cewa na'ura mai basira ce ke yi masa ciniki. Ya tara mutane a Telegram, ya buɗe ofisoshi. A watan Afrilu 2025 mutane suka kasa fid da kuɗinsu, har waɗansu suka fasa ofishinsa na Ibadan suka kwashe kaya don baƙin ciki. Hukumar SEC ta ce ba ta taɓa yi masa rajista ba, hukumar EFCC ta shiga bincike. Abin mamaki, bayan rushewar sai aka ce wa waɗanda aka cuta su sake biyan dala 100 ko 200 wai don a tantance su a sakar musu kuɗinsu. A watan Maris na shekarar nan, kafin wannan ya faru, EFCC ta riga ta fid da sunayen kamfanoni 58 da ta ce suna irin wannan aiki. Sunaye suna sakewa, amma dabarar ɗaya ce.

LISSAFIN DA KOWANE MALAMI ZAI IYA YI

Ba sai an je makaranta mai zurfi za a gane ƙaryar ba. Malamin uban ƙasa ya ɗauki alƙalami ya gwada a gaban jama'a.

In da gaske ne a na samun kashi 30 cikin 100 kowane wata, wanda ya sa naira 100,000 ya bar ta tana haihuwa, bayan wata 12 za ta haura naira miliyan 2 da dubu 300. In kuwa ninkawa a ke yi kowane wata, naira 100,000 za ta zama naira miliyan 409 da dubu 600 a shekara guda. Sai a tambaya: mutumin da ya san hanyar da kuɗi ke haihuwa haka, me zai sa ya bi ƙauyuka yana roƙon naira dubu biyar biyar? Da sai ya ranto daga banki ya ci ribarsa shi kaɗai.

Haka kuma irin na Loom. Kafin a biya mutum 1 sai an sami sababbi 8. Kafin a biya 8 ɗin nan sai an sami 64, sa'an nan 512, sa'an nan 4,096. A hawa na 9 a na bukatar mutum fiye da miliyan 134, a na 10 kuwa fiye da biliyan 1, watau sun ninka mutanen Nijeriya duka sau da yawa. Ashe ke nan tilas ne abin ya tsaya, kuma tilas mafi yawan waɗanda suka shiga su tashi a tutar babu.

Domin a sami ma'auni, a dubi abin da Gwamnatin Tarayya kanta ke biya. Takardar Sukuk ta farko da ta sayar a 2017, ta naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ladanta kashi 16.47 cikin 100 ne a shekara, ba a wata ba. Wadda aka sayar a 2025 kuwa kashi 19.75 ce a shekara. Duk wanda ya yi alkawarin bayarwa a wata ɗaya abin da ya fi na gwamnati a shekara, lalle a yi shakkarsa.

ALAMOMIN DA ZA A LURA DA SU

Na ɗaya, riba mai yawa cikin ɗan lokaci, tare da rantsuwar cewa ba faɗuwa. Ciniki na gaskiya ba ya rabuwa da hasara.

Na biyu, a ce wanda ya kawo wani za a ba shi lada. Kamfanin da ya fi damuwa da kawo mutane bisa sayar da kaya, mutanen su ne kayansa.

Na uku, gaggawa. A ce yau za a rufe, ko saura gurbi kaɗan, don kada mutum ya sami sukunin shawara.

Na huɗu, a ce a tura kuɗi cikin asusun wani mutum, ba na kamfani ba, ko kuwa lambar asusun ta riƙa sakewa.

Na biyar, ba a iya bayyana cinikin da Hausa mai sauƙi. In aka tambaya sai a kawo kalmomin Turanci, ko a ce sirri ne.

Na shida, kuɗi suna ƙaruwa a fuskar waya, amma in aka zo fitarwa sai a kawo dalili, ko a ce sai an biya wani abu tukuna. Lambar da ke cikin waya ba kuɗi ba ce sai ta zo hannu.

Na bakwai, neman lambar BVN, ko lambar sirri ta katin banki, ko lambar nan da banki ke aikowa ta saƙo. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Wanda ya bayar ya ba da mabuɗin rumbunsa.

Alama ɗaya daga cikin waɗannan ta isa a dakata. In biyu ko uku suka haɗu, ba sauran shawara.

MAGANAR TAKARDUN SHAIDA

Nan ne malamai za su fi amfani, gama mazambata sun san darajar takarda mai hatimi a idon jama'a. Su kan nuna takardar hukumar CAC mai rajistar kamfanoni. Wannan takarda shaidar suna ce kawai, kamar takardar haihuwa. Ba ta ba kowa iznin karɓar kuɗin jama'a ba. Su kan kuma nuna takardar SCUML wadda ke fitowa daga wani sashe na EFCC. Masu tallar CBEX sun yi ta nuna irinta, EFCC kuwa ta bayyana cewa ba izni ba ce na karɓar jari.

Izni iri biyu ne. Mai karɓar ajiya irin ta banki sai da lasin Babban Bankin Nijeriya. Mai karɓar jari don ya juya wa mutane sai da rajistar hukumar SEC. Dukansu biyu suna da jerin sunayen waɗanda suka yarda da su a shafinsu na intanet, kowa na iya dubawa kyauta. A duba a can, kada a dogara da hoton takarda da aka aiko ta waya, kuma a lura da sunan harafi bayan harafi, don a kan ari sunan kamfanin kirki a sake ɗan abu kaɗan.

Bambancin yana da girma. Bankin da ke da lasin in ya rushe, hukumar NDIC tana biyan mai ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna, da naira miliyan 2 a ƙananan bankunan talakawa, bisa ƙa'idar da aka sabunta a 2024. Wanda ya kai kuɗinsa kamfanin zamba kuwa ba shi da wannan kariya ko ta kwabo.

Ga kuma doka. A watan Maris 2025 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta haramta irin wannan sana'a a fili, ta yanka wa mai yinta tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyu. Hukumar SEC ta kuma gargaɗi masu yi musu talla cewa su ma doka za ta hau kansu. Yaron gari da aka naɗa wakili yana tara kuɗin maƙwabta, shi za a kama, gama shi a ke gani.

WAƊANDA KE FAKEWA DA ADDINI

Da ya ke mazambata sun san jama'ar nan suna ƙyamar riba ta haram, sai su kan ce nasu halal ne, kasuwanci ne irin na Musulunci. Ƙasar Gwandu ba ta rasa malamai ba tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, kuma babin ƙiradi sananne ne a littattafan fiƙihu da a ke karantawa a zaure. A ƙiradi, mai dukiya da mai juyawa suna raba ribar da aka samu ne bisa rabo sananne, kamar rabi ko sulusi, ba wani adadi yankakke ba. In an faɗi ba da sakacin mai juyawa ba, hasarar dukiya tana kan mai ita. Wanda ya lamunce uwar kuɗi, ya kuma yanke riba tun kafin a yi ciniki, ya fita daga wannan babi ko da wane suna ya kira abinsa. Ya kamata a roƙi limamai su bayyana wannan a huɗuba da wurin karatu.

ABIN DA YA WAJABA GA IYAYEN ƘASA

Babban jarin mazambaci shi ne sunan mutumin kirki. Ya kan zo fada da goro da turmin shadda, ya ce ya zo neman albarka, ya roƙi a ɗauki hoto. Gobe hoton yana yawo a waya, an rubuta cewa uban ƙasa ya amince. Wani ya kan yi alkawarin gina rijiya ko gyaran masallaci, wani ya kan ce a sa wa mai sarauta kuɗi kyauta a cikin asusun. Ranar da abin ya rushe, baƙon ya ɓace, talakawa kuwa ƙofar fada za su taru.

Saboda haka, kada uban ƙasa ko hakimi ya yarda a yi taron irin wannan kamfani a ƙofar gidansa, ko a makaranta, ko a harabar masallaci. Kada ya ba da takardar gabatarwa, kada ya sa hatimi, kada ya tsaya hoto, sai an tabbatar da rajista. Kada ya karɓi kyautarsu. In wani na jikinsa ya zama wakilinsu, ya hana shi tun da wuri, don jama'a za su ɗauka da yawun fada ya ke yi.

Ya kuma umurci hakimai da masu unguwanni su kawo labarin duk wata sabuwar hanyar kuɗi da ta shigo, kamar yadda su ke kawo labarin baƙo ko cutar dabbobi. A sa sankira ya yi shela ranar kasuwa. A tara sarkin kasuwa, da shugabannin manoman albasa, da masu sana'ar POS, da uwayen adashi, a karanta musu alamomin nan bakwai. Kada a manta da mata a cikin gidaje, gama talla tana isa gare su ta waya ba tare da sanin kowa ba, har a sayar da akuya ko ɗan kunne. Haka samari masu karatu a jami'ar Aliero da sauran makarantu, su ne suka fi sanin waya, su ne kuma a ke fara ɗauka wakilai. In aka jawo su a jiki, su za su fi kowa iya duba rajista.

ABIN DA YA WAJABA GA MALAMAI

Malamin uban ƙasa ya buɗe littafi na musamman. Duk kamfanin da ya zo, a rubuta sunansa, da sunan wakilinsa da garinsu, da ribar da ya yi alkawari, da asusun da a ke tura kuɗi, da ranar da aka duba rajistarsa da abin da aka gani. Mai gaskiya ba ya ƙin a rubuta shi. Maras gaskiya kuwa da ya ga alƙalami sai ya ce zai dawo gobe.

In an kawo ƙara, a rubuta adadin kuɗi da ranar da aka tura, a ce wa mai ƙara kada ya share saƙonni da rasit. A gaggauta sanar da bankinsa, don wani lokaci a kan iya tsare kuɗin in ba a riga an kwashe ba. Sa'an nan a kai rahoto ga 'yan sanda, da ofishin EFCC na Sakkwato, da hukumar SEC wadda ke da ofishi a Kano, a kuma aika da kwafi zuwa majalisar Sarki a Birnin Kebbi ta hanyar da aka saba.

WANDA YA RIGA YA FAƊA

Kada a yi masa dariya. Kunya ce ke sa mutane su yi shiru, shirun nan kuwa shi ke ba mazambaci damar cin gari na gaba. Cikin waɗanda aka cuta a ƙasar nan akwai ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da masu ilmi mai zurfi. A gaya masa gaskiya, cewa abin da a kan samo bayan rushewa kaɗan ne, kuma kada ya ƙara ko sisi ga mai cewa zai karɓo masa kuɗinsa in ya biya wani abu, gama sau da yawa ɓarayin farko ne suka sake riga. In rigima ta tashi tsakanin dangi saboda wani ya jawo wani, uban ƙasa ya shiga tsakani da adalci, ya bambanta wanda aka ruɗa da wanda ya ci lada yana sane.

Masu iya magana sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk inda aka ga kuɗi suna neman mutum da kansu, akwai dalili. Uban ƙasan da ya koya wa jama'arsa su riƙa tambayar inda riba ke fitowa kafin su kwance bakin jaka, ya tsare musu wahalar shekara guda, ya kuma tsare mutuncin sarautarsa.

Allah ya kiyaye dukiyar talakawa, ya ba shugabanni ikon riƙon amana. Wassalam.